Gasar besbol ta hunturu a Kyuba: wa ya kashe ta, kuma me aka rasa?

Likitan Habana:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na san ƙwallon ƙafa ce ta tara yawancinmu a nan, amma tunda Shugaba ya ce ranar Asabar kowa na iya kawo tarihin wasan da ya ga dama, ga nawa.

Lokacin da nake karatun likitanci a Habana, babban birnin Kyuba, akan tura mu unguwanni mu duba marasa lafiya gida-gida. Akwai wani tsoho da ciwon suga ya taɓa wa ido. Duk ranar da na shiga ɗakinsa sai na ga wata 'yar tuta shuɗiya da ta koɗe, mai hoton kunama, a rataye saman gadonsa. Ran nan na tambaye shi, ya ce tutar Almendares ce. Na ce ban taɓa jin wannan kulob a gasar ƙasar ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce kulob ɗin ya buga wasansa na ƙarshe a 1961, yana saurayi, amma shi har gobe ɗan Almendares ne. Daga ranar na shiga bin diddigin labarin.

Gasar ƙwararru ce ta besbol da ake bugawa da sanyi. An fara ta ranar 29 ga Disamba 1878, inda Habana ta ci Almendares 21 da 20, aka kuma rufe ta a 1961. Shekara 82 ke nan da ɗoriya. A shekarunta na ƙarshe kulob huɗu ne: Habana masu ja, alamarsu zaki, Almendares masu shuɗi, alamarsu kunama, Cienfuegos masu kore, alamarsu giwa, sai Marianao masu ruwan lemo, alamarsu damisa. Kowanne da kirarinsa. 'Yan Almendares na cewa duk wanda ya ci Almendares mutuwa zai yi. 'Yan Cienfuegos na cewa takun giwa a hankali ne amma murƙushewa yake. Habana ce ta fi kowa ɗaukar kofi, sau 30, Almendares na biye da ita da sama da 20.

Abin da na zo faɗa shi ne: rufe wannan gasa babbar asara ce, kuma mu baƙar fata ya kamata mu fi kowa sanin labarinta. Tun 1900 baƙi da farare ke buga wasa tare a cikinta, shekara 47 kafin a bar baƙin ɗan wasa Jackie Robinson ya taka fili a babbar gasar Amurka. Wanda yake da ja, bismillah.

Ɗan Tasha:
Wa alaikumus salam Likita. Kafin a yi nisa a taimaka mana, yaya ake buga wasan nan? Ni dai ina ganin ana jifa ana bugu da gora a talabijin, shi ke nan. Kuma me ya sa sai da hunturu? Na ɗauka Kyuba ƙasar zafi ce.

Likitan Habana:
Ƙanena, a taƙaice: kowane ɓangare mutum 9 ne. Ana yin zubi 9, a kowane zubi ɓangare ɗaya na bugu, ɗaya na tsaron fili, sai a fitar da masu bugu 3 a yi canji. Mai jifa zai wurgo ƙwallo, mai bugu ya yi ƙoƙarin dukanta da gora ya ruga ya taka tashoshi huɗu da aka jera a kusurwa. Duk wanda ya kewayo ya dawo gida, maki ɗaya ke nan. In ya maka ta yadda zai kewaye duka huɗun a tashi ɗaya, shi ne 'yan Kyuba ke kira honron. Rabin wasan yana hannun mai jifa, shi ya sa za ka ji sunayensu da yawa a nan.

Batun hunturu kuwa, sanyin Amurka ake nufi. Can ana gama kakar wasa a Oktoba, filaye su rufe saboda ƙanƙara. A Kyuba lokacin ne damina ke ɗaukewa, iska ta yi daɗi. Sai 'yan wasa su tsallako su buga daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu, su samu kuɗin cefane, su koma. Tsakanin tsibirin da kudancin Florida wajen mil 90 ne kawai.

Malamin Tarihi:
Sannu da ƙoƙari Likita. Ina so in ƙara wani abu a tushen, domin wanda bai san shi ba zai ɗauka 'yan Kyuba kwaikwayon Amurkawa kawai suka yi.

'Ya'yan masu hali da suka je karatu Amurka ne suka dawo da wasan a shekarun 1860. Wanda aka fi ambata shi ne Nemesio Guilló, da ya yi karatu a Mobile ta jihar Alabama ya dawo a 1864 da gora da ƙwallo. A lokacin Sifaniya ke mulkin tsibirin, kuma wasan da masu mulki ke so shi ne karon mutum da bijimi. Samari suka juya wa wannan baya suka rungumi besbol, har hukuma ta haramta shi a ƙarshen shekarun 1860, daidai lokacin da yaƙin neman 'yanci na shekara 10 ya ɓarke. Ku lura: yaƙin ya ƙare a 1878, a shekarar kuma aka kafa gasar. Wanda ya jagoranci Habana a kakar farko, Esteban Bellán, ya riga ya buga wa Troy Haymakers wasa a Amurka tun 1871.

Sai Emilio Sabourín, ɗan wasan Habana kuma kocinta daga baya. An kama shi da laifin taimaka wa masu yaƙin 'yanci, aka kai shi kurkuku a Ceuta, can bakin tekun arewacin Afirka, ya mutu a can a 1897. Gasar kanta ta tsaya lokacin yaƙin 1895 zuwa 1898. To ka ga tun ranar gini siyasa na cikin wannan wasa, ba a 1961 ta shigo ba.

Kuma kar a manta sai 1886 aka hana bauta a Kyuba. 'Yan wasa baƙi da suka shiga gasar a 1900, da yawansu 'ya'ya ne ko jikokin waɗanda aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma, har da ƙasar Yarbawa da wajen Kalaba. A shekarar da aka buɗe musu ƙofa, kulob ɗin San Francisco da ya ɗauke su shi ya cinye kofi.

Uwar Biyu:
Allah Ya ƙara ilimi Malam. Ni maganar Likita ta farko nake so a warware min. Baƙaƙen Amurka da aka hana wasa a babbar gasarsu, da gaske suna zuwa Kyuba su kara da fararen da suka hana su? Kuma suna cin su?

Likitan Habana:
Hajiya, nan ne zuciyar labarin. Tun 1907 manyan baƙaƙen Amurka irin su Rube Foster da Pete Hill suka fara zuwa, suka buga wa kulob ɗin Fe. A gefe guda kuma manyan kulob-kulob na farare kan zo Habana bayan kakarsu su yi wasannin sada zumunci don kuɗi. Sai aka haɗu a fili ɗaya, abin da ba ya yiwuwa a babbar gasar can gida.

A 1908 Cincinnati Reds suka zo. Wani saurayi baƙi ɗan Cárdenas, José Méndez, ya yi musu jifa zubi 25 a jere ba su samu maki ko ɗaya ba. Daga nan aka sa masa Baƙin Lu'ulu'u. A 1910 Detroit Tigers suka zo da Ty Cobb, wanda a lokacin babu kamarsa wajen bugu a Amurka. Baƙaƙe uku da ke buga wa Habana, John Henry Lloyd da Grant Johnson da Bruce Petway, duk sun fi shi yawan bugu mai kyau a jerin wasannin. A Nuwamban 1920 kuma New York Giants suka zo da Babe Ruth, an biya shi maƙudan kuɗi don jama'a su ga honron ɗinsa. Sai Cristóbal Torriente na Almendares ya buga honron 3 a wasa ɗaya a gaban idonsa, Almendares ta ci 11 da 4.

Bayan su sai ayari ya biyo: Oscar Charleston, Cool Papa Bell, Satchel Paige, Josh Gibson, Ray Brown. Mutanen da a ƙasarsu akwai otal da gidan abincin da ba za su iya shiga ba, a Habana yara na bin su a titi suna kiran sunayensu, jarida na buga hotunansu. In da babu wannan gasa, da masu cewa baƙi ba za su iya da farare ba sun samu bakin magana har abada. Alƙaluman Kyuba ne ke ƙaryata su.

Malamin Tarihi:
Likita, gyara kaɗan, don kar a kama mu da ƙari. A wasan Torriente ɗin nan, wanda ya yi wa Giants jifa George Kelly ne, kuma shi ba mai jifa ba ne, mai tsaron tasha ta ɗaya ne aka ba shi ƙwallo. Wannan bai rage wa Torriente daraja ba, ya shiga zauren gwarzayen besbol na Cooperstown a 2006 tare da Méndez, kuma ba wasa ɗaya ne ya kai shi ba. Amma a faɗi labarin yadda yake.

Abu na biyu ya fi ciwo. A 1911 Cincinnati ta ɗauki 'yan Kyuba biyu, Armando Marsans da Rafael Almeida, saboda fatarsu na da haske, aka yi ta rantsuwa a jaridu cewa jinin Turawa zalla ne. Adolfo Luque ya bi su, har ya ci wasa 27 a 1923. Méndez da Torriente, waɗanda kowa a Habana ya san ba su gaza waɗannan ba, ba a taɓa kiransu ba. Da sanyi abokan wasa ne a ɗaki ɗaya, da bazara ta yi sai jirgi ya raba su bisa launi.

Kawu Zango:
Salamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Ni daga Kumasi nake, kuma ina cikin yaran Gana da aka kai karatu Tsibirin Matasa a Kyuba a shekarun 1980. Na yi shekaru a can, na tsinki lemo a gona, na buga wasan nan da yaran ƙauye da sandar tsintsiya. Likita ɗana ne a shekaru kuma ina girmama karatunsa, amma ban yarda da kalmar asara ba.

Likita ya zauna a Habana, ya ji labari daga bakin ɗan Habana. Ni a karkara na zauna. Wannan gasa da ake yabo, a shekarunta na ƙarshe kusan duk wasanninta a fili ɗaya ake bugawa, babban filin Cerro a Habana. Cienfuegos sunan wani gari ne a kudu, amma kulob ɗin a Habana yake wasa. Mutumin Santiago ko Guantánamo, mai saran rake tun asuba, sai dai ya ji a rediyo. Tsibirin nan tsawonsa ya haura kilomita 1,000. Ta yaya kulob huɗu a birni ɗaya za su zama gasar ƙasa?

Na biyu, kada a ɗauka Kyuba ta wancan zamani aljannar baƙar fata ce. Babbar gasar masu wasa don sha'awa, wadda kulob-kulob na masu kuɗi ke gudanarwa, ba ta ɗaukar baƙi har zuwan juyin juya halin Fidel Castro a 1959. Yaro baƙi sai dai ya fara daga ƙungiyoyin masana'antun suga, kamar yadda Minnie Miñoso ya fara a yankin Matanzas. Masu kulob na gasar ƙwararru sun ɗauki baƙi ne saboda suna cika musu fili da 'yan kallo.

Da aka fara sabuwar gasar ƙasa ranar 14 ga Janairu 1962, sannu a hankali kowane lardi ya samu ƙungiyarsa da filinsa. Ni da idona na ga yadda gari ke tsayawa cak in ƙungiyarsu na wasa, kuma kuɗin shiga bai hana talaka ba. Waɗannan yaran lardunan ne suka ciyo wa Kyuba zinare a gasar Olamfik ta 1992 da 1996 da 2004. Wannan ba asara ba ce a wurina.

Likitan Habana:
Kawu, na gode, kuma na karɓi maganar gasar masu kuɗi, gaskiya ce tsagwaronta. Amma a yi min izini in ja a wuri biyu.

Ba kullum gasar ke maƙale a Habana ba. Santa Clara, a tsakiyar tsibirin, ta yi kulob mai suna Leopardos. A kakar 1923 zuwa 1924 sun ci wasa 36 sun faɗi 11 kacal, da Charleston da Alejandro Oms da Pablo Mesa a bayan fili. Tazarar ta yi yawan da 'yan kallo suka daina zuwa a Habana, aka katse kakar kafin lokacinta. Har yau da yawa na cewa ba a taɓa haɗa ƙungiya irinta a tsibirin ba, kuma kusan dukansu baƙi ne.

Sannan ga Martín Dihigo, wanda suke kira Marar Mutuwa. Babu gurbin da ba ya iya tsayawa a fili. A kakar 1935 zuwa 1936 shi ne kocin Santa Clara, shi ne ya fi kowa bugu a gasar, shi ne kuma ya fi kowa jifa, ya ci 11 ya faɗi 2, suka ɗauki kofi. Ka kwatanta mutum ɗaya ya zama koci, ya fi kowa zura ƙwallo, ya kuma zama gwarzon gola a kaka guda. Amurka ba ta taɓa barinsa ya buga babbar gasarta ba, sai a 1977 ta sa shi a Cooperstown, shekara 6 bayan rasuwarsa. Wace gasa ce ta nuna wa duniya shi? Wannan da aka rufe.

Tambayata, Kawu: me ya hana a kai wasa larduna ba tare da an kashe kulob masu shekara 80 ba?

Kawu Zango:
Madalla da ka kawo Dihigo, ɗana. Ina ya ƙare rayuwarsa? Ya bar ƙasar a zamanin mulkin shugaba Batista, da juyin juya hali ya yi nasara a 1959 ya dawo gida, ya koyar da yara wasa, ya rasu a 1971, kabarinsa na Cruces a lardin Cienfuegos. Mutumin da ya fi kowa sanin daɗi da ɗacin tsohuwar gasar bai gudu ba. Ni wannan ya ishe ni shaida.

Amsar tambayarka kuma ita ce, kulob ɗin nan ba na jama'a ba ne, na wasu attajirai ne, kuma a lokacin igiyarsu na hannun Amurka. Malam ya fi ni sanin wannan, ya yi bayani.

Malamin Tarihi:
To, Kawu ya jefo min, bari in ɗauka. A ganina ku biyun kuna kallon 1961, alhali an yi wa gasar rauni tun 1947, a daidai lokacin da ta kai ƙololuwarta.

A 1946 wani attajirin Meziko, Jorge Pasquel, ya yi ta zawarcin 'yan wasan babbar gasar Amurka da kuɗi mai tsoka. Waɗanda suka tafi, shugaban besbol na Amurka Happy Chandler ya dakatar da su shekara 5. Da sanyi ya zo sai da yawansu suka nufi Kyuba. A Oktoban shekarar kuma aka buɗe sabon filin Cerro mai cin mutum sama da 30,000, wanda yanzu ake kira Latinoamericano. Kakar 1946 zuwa 1947 ita ce tsofaffi ke ba da labari har su yi hawaye. Habana ƙarƙashin Miguel Ángel González ta yi nisa a gaba, kowa ya ɗauka an gama. Sai Almendares ta Luque ta ci 13 cikin wasanni 14 na ƙarshe. Wasanni uku na ƙarshe tsakaninsu ne, kuma dole Almendares ta cinye duka. Max Lanier, ɗaya daga cikin waɗanda aka dakatar, ya ci na farko. Agapito Mayor ya ci na biyu. Lanier ya dawo bayan hutun kwana ɗaya tak, ranar 25 ga Fabrairu 1947, ya ci na uku 9 da 2. Mai jifa kan huta kwana uku ko huɗu kafin ya sake, don ku gane abin da ya yi wa hannunsa.

Watanni kaɗan bayan wannan, masu kulob suka sa hannu a yarjejeniya da hukumar besbol ta Amurka. Aka daina ɗaukar waɗanda aka dakatar, aka ƙayyade irin 'yan wasan da za su iya zuwa, kulob-kulob na Amurka suka samu ta cewa kan wanda zai buga da sanyi da wanda ba zai buga ba. 'Yan wasan da abin ya shafa sun kafa tasu gasar a tsohon filin La Tropical, ba ta yi ƙarko ba. Daga nan gasar ta koma wurin da ake turo samarin Amurka su goge. Brooks Robinson ya buga wa Cienfuegos, Tommy Lasorda ya yi wa Almendares jifa.

Ga kuma wani abu. A wannan shekara ta 1947 Brooklyn Dodgers suka yi atisayensu na share fage a Habana tare da Jackie Robinson, don gudun dokokin wariya na kudancin Amurka. A Afrilu ya shiga babbar gasa. Abin farin ciki ne, amma daga ranar baƙin ɗan wasa ya samu ƙofar da ta fi ta Habana kuɗi. Abin da ya sa gasar ta fita daban ya fara gushewa.

Ɗan Tasha:
Malam, wannan bayanin ya taɓa ni. Kamar yadda yaro ke tashe a gasarmu kaka ɗaya, kafin ka haddace lambar rigarsa an tafi da shi Turai. Ke nan ko ba a rufe ta ba, da ta zama gonar wasu?

Shugaban Zaure:
Muhawara ta yi daɗi kuma kowa na girmama ɗan'uwansa, a ci gaba a haka. Masu turo sakamakon wasannin yau, a dakata sai an gama wannan.

Likitan Habana:
Ƙanena, tambayar na da kyau, amma kada a binne mai rai. Malam, gasar da ake cewa ta yi rauni ita ce ta mamaye gasar zakarun Karibiyan. An fara ta a Habana a 1949, zakarun Kyuba da Fanama da Puerto Rico da Benezuwela ke haɗuwa. Cikin 12 na farko Kyuba ta ɗauki 7: Almendares a 1949 da 1959, Habana a 1952, Cienfuegos a 1956 da 1960, Marianao a 1957 da 1958. Ku duba, biyar na ƙarshe a jere ne. Kuma ba baƙin haure ne suka ciyo su kaɗai ba. Miñoso na Marianao, Camilo Pascual da Pedro Ramos na Cienfuegos, duk taurari ne a babbar gasar Amurka, amma da sanyi suna dawowa gida su sa rigar kulob ɗinsu. Tun farkon shekarun 1950 ake nuna wasannin a talabijin.

Filin ma ba na attajirai kaɗai ba ne. A Disamban 1955 ɗaliban jami'ar Habana suka kutsa cikin fili ana tsakiyar wasa da ƙyallen adawa da Batista, 'yan sanda suka lakaɗa musu duka, jama'a na gani a talabijin. Sun zaɓi wurin ne don sun san idon ƙasa duka na can.

Puerto Rico da Benezuwela da Jamhuriyar Dominika duk suna ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya da Amurka, kuma gasanninsu na hunturu na nan da rai har yau, filaye na cika.

Uwar Biyu:
To ni yanzu na kasa tsayawa ɓangare ɗaya. Malam, a gaya mana yadda ƙarshen ya kasance. Su 'yan wasan fa, da iyalansu? Abin da ya fi damuna ke nan, don sana'arsu ce aka rufe.

Malamin Tarihi:
Hajiya, abin ya zo daki-daki cikin wata 18. A Yulin 1960 aka ɗauke Sugar Kings, kulob ɗin Habana da ke buga gasar bazara da kulob-kulob na Amurka da Kanada, aka mai da shi Jersey City, alhali a 1959 ya ɗauki kofi a gaban Fidel Castro. Sai shugaban besbol na Amurka Ford Frick ya hana Amurkawa zuwa gasar hunturu. Kakar 1960 zuwa 1961 'yan Kyuba zalla suka buga ta. Ana cikin kakar, a Janairun 1961, Amurka ta yanke hulɗar jakadanci da Kyuba. Duk da haka sai a ranar ƙarshe aka san zakara: Cienfuegos ta doke Almendares a Fabrairu, Pedro Ramos ne ya yi jifa. A watan ne gwamnati ta kafa hukumar wasanni ta INDER, daga nan aka soke wasan ƙwararru gaba ɗaya. Castro ya kira sabuwar gasar nasarar wasan 'yanci a kan wasan bauta. Gasar Karibiyan ma ta tsaya sai 1970, Kyuba ba ta koma cikinta ba sai 2014.

Don haka in aka ce wa ya kashe ta, hannu biyu ne: Amurka ta janye 'yan wasanta, Habana ta rufe ƙofa.

'Yan wasa kuwa aka bar su da zaɓi mai wuya, ko sana'a ko gida. Miñoso da Pascual da Ramos sun tafi. Conrado Marrero, tsohon mai jifan Almendares, ya zauna, ya yi shekaru yana horar da masu jifa, ya rasu a 2014 yana da shekara 102. Wanda labarinsa ke tsaya min a rai shi ne Luis Tiant. Shi ne gwarzon sabbin 'yan wasa a kakar ƙarshe, da rigar Habana. Mahaifinsa ma mai jifa ne a tsohuwar gasar, wanda launinsa ya hana shi babbar gasar Amurka. Ɗan ya fita a 1961, bai sake ganin uban ba sai 1975, da aka bar iyayen suka je Boston. Shekara 14.

Kawu Zango:
Wannan na Tiant ban da amsarsa, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Raba ɗa da uba ba abin karewa ba ne, ko wace gwamnati ce ta jawo. Na san iyalai a can da irin wannan ya faru da su, na ci abinci a gidajensu. Amma ina nan a kan bakana game da larduna. Likita, ka je kallon Industriales, ƙungiyar birnin Habana a sabuwar gasar, a Latinoamericano ai. Ka faɗa wa 'yan zaure launin rigarsu da alamarsu.

Likitan Habana:
Na je, Kawu, ba sau ɗaya ba. Rigarsu shuɗiya ce irin ta Almendares, alamarsu kuma zaki irin na Habana. Ƙungiyar lardin Cienfuegos ma har yau giwaye ake ce musu, da korensu.

Uwar Biyu:
Tsohon naka fa, Likita? Ya koma goyon bayan masu shuɗin?

Likitan Habana:
Na yi masa wannan tambayar, Hajiya. Ya ce yana sauraron wasanninsu a rediyo kuma yana murna in sun ci Santiago, amma ba zai iya tafa wa zaki ba ko da an rina shi da shuɗi, don mahaifinsa ya rene shi a kan ƙin zaki. Mahaifin ne ya saya masa tutar a ƙofar filin Cerro ranar wasan Lanier, ya ɗora shi a wuya don ya hango fili. Ranar da na je yi masa sallama zan dawo gida, ya sa na sauko masa da ita, ya shafa hoton kunamar da yatsa saboda idon ya riga ya tafi, ya lissafa min 'yan wasa 9 da suka fara wasan ranar ɗaya bayan ɗaya, da gurbin kowa, sannan ya ce in mayar masa da ita kan ƙusa.